Yawon keke a karkarar Faransa: tambayoyi da amsoshi

Idan an ce "hanyar keke" a Faransa, me ake nufi?

Abu biyu ne, kuma mutane kan haɗa su. Akwai *voie verte*, hanyar da aka haramta wa motoci da babura kwata-kwata. Yawanci tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafunansa, ko kuma gefen kanal inda dawakai suke jan kwale-kwale a da. Shi ya sa ba ka cika samun hawa mai tsanani a kanta ba. Wadda ake ƙirgawa ta farko a ƙasar ita ce ta tsakanin Givry da Cluny a yankin Bourgogne, an buɗe ta a 1997.

Sai *véloroute*, doguwar hanya mai suna da lamba, wadda aka harhaɗa daga guntayen *voie verte* da ƙananan titunan ƙauye da ake rabawa da motoci. Don haka idan ka ga an ce hanya kaza kilomita 800 ce, kada ka ɗauka duka babu mota. Allunan da za ka riƙa bi farare ne masu hoton keke da rubutu kore, ɗauke da sunan gari na gaba da nisansa.

Wace hanya ta fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba?

La Loire à Vélo, mai bin kogin Loire, ba sai an yi dogon tunani ba. Tsawonta ya kai kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin Tekun Atlantika, kuma yanki ce ta doguwar hanyar keke ta Turai mai suna EuroVelo 6 wadda ta miƙe har Baƙin Teku. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, wurare da dama a kan ganuwar da aka gina don tare ambaliyar kogi ake tafiya.

Amma babban dalilin da muke sa ta a gaba shi ne layin dogo. Jirgin ƙasa yana bin kwarin Loire kusan kafaɗa da kafaɗa da hanyar: Orléans, Blois, Amboise, Tours, Saumur, Angers, Nantes, duk suna da tasha. Gwiwa ta ƙi, ruwan sama ya ƙi tsayawa, keke ya lalace, tasha ba ta da nisa. Sabon shiga ya fi buƙatar wannan fiye da kyan gani.

Ga mai mako ɗaya, daga Orléans zuwa Angers ya isa, kusan kilomita 300. A nan ne manyan fadojin tsofaffin sarakuna suke, kuma yawancin wannan yanki yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta sa a jerinta a shekarar 2000. A lura cewa fadar Chambord ba a bakin kogin Loire take ba, sai an ratse kafin a kai Blois. Chenonceau kuma a kan kogin Cher take, kudu da Amboise. Kowacce ka ware mata rabin yini.

Sauran manyan hanyoyin fa?

La Vélodyssée tana bin gaɓar Atlantika daga Roscoff zuwa Hendaye a iyakar Sifen, sama da kilomita 1,200. Farkonta a Bretagne tana bin kanal ɗin Nantes zuwa Brest, ƙarshenta kuma ta ratsa dajin Landes, inda za ka yi kwanaki kana tafiya a miƙaƙƙiyar kwalta tsakanin itatuwa iri ɗaya. Wasu suna son wannan shirun, wasu yana gundurarsu tun kwana na biyu. A Royan sai an shiga jirgin fito a tsallake bakin kogin Gironde, don haka a duba lokacin tashinsa tun da dare.

ViaRhôna kilomita 815 ce, tana bin kogin Rhône daga Tafkin Geneva zuwa Bahar Rum ta Lyon, Valence da Avignon. Fita daga Lyon ta kudu an daɗe ana kuka da ita saboda masana'antu da cunkoson motoci, kuma mutane da yawa kan hau jirgin ƙasa zuwa Vienne su ci gaba daga can.

La Véloscénie, daga Paris zuwa Mont-Saint-Michel ta Chartres da Alençon, kilomita 450. Tana da hawa da gangara fiye da Loire.

An ce Canal du Midi ta fi ko'ina kyau. Me ya sa ba ku sa ta farko ba?

Saboda ƙasan hanyar. Kanal ɗin kansa abin kallo ne: Pierre-Paul Riquet ya fara haƙa shi a 1666, aka buɗe shi a 1681, tsawonsa kilomita 240 daga Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Sète. Daga Toulouse zuwa Port-Lauragais, wajen kilomita 50, kwalta ce sumul. Bayan nan labari ya canja. An gyara wasu sassan, amma akwai inda hanyar ta zama siririn turba cike da saiwoyin itace da tsakuwa, idan aka yi ruwa kuma taɓon yana manne wa taya har ƙafar ta daina juyawa. Gargadar tana kwance notin kariyar ɗaukar kaya, tana gajiyar da wuyan hannu, kuma tafiyar da ka yi lissafin awa uku sai ta ci biyar.

Inuwar da ake gani a tsofaffin hotuna ma ta ragu. Wata cuta ta kama manyan itatuwan da ke jere a gefen kanal tun 2006, aka sare dubbai, waɗanda aka dasa a madadinsu ba su gama girma ba. Mai son gefen ruwa da lafiyayyar kwalta ya bi Canal de Garonne, ɗaya ɓarin na Toulouse ta wajen Bordeaux, kilomita 193. Wanda ya nace sai Midi, ya sa taya mai faɗin milimita 40 ko fiye, ya rage kaya, ya kuma shirya komawa titin ƙauye duk ranar da aka kwana ana ruwa.

Daga wane gefe ake farawa?

Tambayi iska. Gangarar kogi a waɗannan hanyoyin ba ta kai a ji ta a ƙafa ba, amma iskar gaba tana iya mayar da mai gudun kilomita 18 a awa zuwa 10. A kwarin Rhône akwai iskar mistral mai busowa daga arewa, takan yi kwanaki ba ta lafa ba, wani bugun nata ya wuce kilomita 80 a awa. ViaRhôna daga arewa zuwa kudu ake binta. A Loire iskar ta fi zuwa daga yamma, saboda haka wanda ya taso daga teku ya nufi gabas ya fi samun iska a bayansa, duk da cewa yawancin mutane suna bin ruwa zuwa teku. A can bambancin bai kai na Rhône ba.

Wane wata ya fi?

Mayu, Yuni da Satumba. Yuli da Agusta lokacin hutun makarantu ne: masaukai a cike, farashi sama, kudancin ƙasar kuma zafi kan wuce digiri 35. Wanda ya saba da zafi kada ya raina wannan, domin tuƙa keke mai kaya awa biyar a rana daban ne da zama a inuwa. Météo-France, hukumar hasashen yanayi, tana fitar da taswirar gargaɗi mai launi huɗu, idan yankinka ya koma ruwan lemo ko ja, ka tashi da asuba ka sauka kafin azahar. Daga Oktoba sansanonin tanti da yawa suna rufewa sai Afrilu.

Kilomita nawa a rana?

Tsakanin 40 da 60. Keke mai kaya, da tsayawa da komai, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Kwana uku na farko ka rage, domin ba ƙafa ce ke fara gazawa ba, mazaunai ne. Bayan kwana huɗu ko biyar ka huta yini guda.

In zo da kekena ko in yi haya a can?

Tafiyar da ba ta wuce mako biyu ba, haya ta fi sauƙi. A Loire akwai masu ba da haya da za ka ɗauki keke a wani gari ka ajiye a wani, da ƙarin kuɗi, wasu ma suna kai maka jakunkuna daga masauki zuwa masauki. Kafin ka bar shagon ka gwada duka giyoyin, ka matse birki, ka tabbatar an ba ka famfo da tif mai dacewa da tayar.

Idan da naka za ka zo, sai a kwali: a cire feda, a juya kan keke, a cire ƙafar gaba, a kwance abin canja giya na baya a naɗe shi da tsumma don shi ne ke fara lanƙwashewa. Fedar hagu a baibai take kwancewa, mutane da yawa sun lalata zaren nan da ƙarfin tsiya. Keke mai batir kuma ka manta da shi, kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar batirin da ya wuce 160 Wh, na keke kuwa ya ninka haka.

Wane irin keke ake buƙata?

Duk keken da ke da wurin ɗaura kariya da noti, ba sai mai tsada ba. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 tana ɗaukar kwalta da tsakuwa. Girman ƙafa 700C, wanda ake rubuta 622 a gefen taya, shi ne ake samu a kowane shago. Giya mafi sauƙi ta kasance haƙoran baya sun kai na gaba yawa ko sun fi, misali 30 a gaba 34 a baya. Ko a hanyar kogi za ka buƙace ta duk lokacin da masaukinka yake kan tudu, kuma tsofaffin garuruwan Faransa da yawa a kan tudu suke.

Kaya a jakunkuna biyu na gefen kariya, lita 20 kowacce, marasa shan ruwa. Jakar goyo tana kashe kafaɗa da baya. Mai kwana a ɗaki kilo 8 zuwa 10 ya ishe shi, mai tanti kada ya wuce 15. Abu mai nauyi a ƙasan jaka, kuma a daidaita nauyin hagu da dama, in ba haka ba kan keken zai riƙa rawa a gangara.

Me ya fi lalacewa, kuma me zan riƙe?

Faci shi ne na ɗaya, kuma yawanci a ƙafar baya inda nauyi yake. Ka duba ramin kafin ka liƙe. Rami ɗaya, wani abu ne ya soka, sai ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zaro shi, in ba haka ba sabon tif ma zai tafi. Ramuka biyu a jere, iska ce ta yi kaɗan har bakin ƙarfe ya cije tif ɗin. Maganinsa bugun iska duk bayan kwana biyu, wajen bar 4 ga taya mai milimita 37. Bawul iri biyu ne, siriri mai suna Presta da mai kauri irin na mota, ka tabbatar famfonka yana shiga naka.

Na biyu notin kariya. Gargada tana kwance shi a hankali, ranar da ya faɗi kuma kariyar takan faɗa cikin ƙafar baya. A taɓa su kowace safiya, a riƙe guda biyu na ajiya. Na uku wayoyin ƙafar baya, suna tsinkewa ta gefen sarƙa idan kaya sun yi yawa. Guda ɗaya ya tsinke, a naɗe shi jikin na kusa da shi, a sassauta birki, a lallaɓa zuwa gari.

Abin riƙewa: tif biyu, kayan faci, ƙarafunan cire taya, famfo, ƙaramin saitin sifana mai abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa da ya dace da yawan giyarka, man sarƙa, takalmin birki saiti ɗaya. Sai ɗan ƙarfen da abin canja giya yake rataye a kai. Kowane keke da irin nasa, mai gyara a ƙauye ba lalle ya samu ba, kuma oda takan ci kwanaki. Shagunan keke da yawa a rufe suke Lahadi da Litinin. Decathlon, babban kantin kayan wasanni, na buɗewa Litinin, amma a bayan manyan garuruwa take.

Ana shiga jirgin ƙasa da keke?

Ya danganta da jirgin. TER, wato jiragen yanki, suna ɗaukar keke a haɗe idan akwai wuri, amma yankuna da dama sun fara neman a kama wuri tun kafin lokaci a watannin zafi. TGV kuwa, wato jirage masu saurin gudu, wasu ne kawai ke da wurin keke, ƙalilan ne, kuma sai an biya yuro 10 lokacin sayen tikiti. Ba a ƙara keke bayan an sayi tikitin cikin sauƙi, don haka a manhajar sayen tikiti ta SNCF Connect ka zaɓi keke tun kafin ka nemi jirgi. Keken da aka wargaza aka sa a jaka mai santimita 130 da 90 ana ɗaukarsa a matsayin kaya.

A tarago da yawa rataye keke ake yi a ƙugiya da ƙafar gaba, saboda haka ka sauke jakunkuna tun a dandamali. Jirgi a ƙaramar tasha minti ɗaya ko biyu yake tsayawa. Kada ka sa canjin jirgi da bai kai minti 15 ba, don wasu tashoshin matakala ce kawai. Daga Paris, jiragen Orléans da Blois daga tashar Austerlitz suke tashi.

Waɗanne dokoki ne suka shafi mai keke?

Ana tafiya a hannun dama. Dole keke ya kasance da birki biyu, ƙararrawa, fitila fara ko rawaya a gaba da ja a baya. Riga mai ƙyalli dole ce a wajen gari da dare ko cikin hazo. Hular kwano dole ce ga yaro ƙasa da shekara 12 tun 2017, ga babba ba dole ba ce, amma ka sa. Sa abin sauraro a kunne ko riƙe waya a hannu tarar yuro 135 ce. Mutum biyu na iya jerawa, sai dai su koma layi ɗaya da dare ko idan mota na son wucewa.

Wadda ta fi kayar da baƙi ita ce *priorité à droite*. A mahaɗar da babu allo ko layi a ƙasa, wanda ya fito daga damarka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya fito kai kuma kana kan babban titi. A ƙauyuka direbobi suna fitowa ba tare da sun tsaya ba, kuma doka tana bayansu. Allo mai kusurwa uku da baƙin gicciye yana gargaɗin irin wannan mahaɗa. Allo rawaya mai siffar lu'ulu'u yana nufin hanyar taka ce.

A ina ake kwana?

Ka nemi alamar *Accueil Vélo*. Ana ba da ita ga masaukin da bai wuce kilomita 5 daga hanyar keke ba, mai wurin kulle keke da kayan gyara. Mafi araha shi ne *camping municipal*, sansanin tanti na hukumar gari, akwai banɗaki da ruwan zafi, amma takardar banɗaki ka riƙe taka. Ofishinsu kan rufe da wuri, ka isa kafin ƙarfe 6 na yamma. *Gîte d'étape* ɗakin kwana ne na haɗaka mai kicin. *Chambre d'hôtes* ɗaki ne a gidan mutane, da karin kumallo a cikin kuɗin.

Kafa tanti a daji ba tare da izini ba yana da iyaka: an hana a bakin teku, a wuraren da aka keɓe, kusa da gine-ginen tarihi, da cikin mita 200 daga inda ake ɗiban ruwan sha. Gona kuma sai da yardar mai ita. Kunna wuta a dajin Landes ko kudu da rani, kada ma a fara. Mai risho na gas ya lura: gwangwanin Campingaz da ya cika shaguna dannawa ake yi, ba murɗawa ba, kuma ba ya shiga kan risho mai zare.

Abinci da ruwa fa? Ana samun halal?

Yunwa a karkarar Faransa daga rashin sanin lokaci take zuwa. Ƙananan shaguna suna rufewa daga wajen 12:30 zuwa 3 na rana. Gidan abinci daga 12 zuwa 2 yake ba da na rana, ka zo 2:15 a ce maka an rufe kicin, sai kuma 7 na dare. Lahadi da rana kusan komai a rufe, Litinin ma da yawa ba sa buɗewa, haka ranakun hutu irin 1 da 8 ga Mayu, 14 ga Yuli da 15 ga Agusta. Akwai ƙauyukan da ba su da shago ko ɗaya. Don haka ka sayi abincin rana da safe a gidan burodi, ranar Asabar kuma ka yi sayayyar kwana biyu.

Ruwan famfo ana sha. Ka riƙe lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ya ƙare, kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa don ban ruwan furanni, masu keke sun daɗe suna cika gora a nan. Inda aka rubuta *eau non potable*, ba na sha ba ne.

Mahautan halal suna manyan garuruwa irin Orléans, Tours, Nantes, Lyon da Toulouse. A ƙauye sai kifi, ƙwai, cuku, burodi, sardin na gwangwani da kayan lambu. Naman alade ba kullum ake rubuta shi *porc* ba. Ka kula da *jambon*, *lardons*, *saucisson*, *saindoux* da *rillettes*, wannan na ƙarshe kuwa abin alfaharin Tours ne, za ka gan shi ko'ina a Loire. *Quiche lorraine* tana da *lardons*, salak ma sau da yawa ana barbaɗa masa. Miyar da aka ce *au vin* da giya aka dafa ta.

Salla fa?

Masallatai a birane suke, a hanya sai ka riƙe ƙaramar darduma. Alƙibla daga Faransa kudu maso gabas take, ba inda aka saba fuskanta a Kano ko Zinder ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, isha ta yi nisa, asuba ta zo da wuri, barcin da ke tsakani gajere ne ga mai tuƙin gobe. A tsara Juma'a ta faɗo a babban gari.

Alluna sun isa, ko sai da taswira?

A cikin gari alluna kan ɓace, musamman inda ake aikin titi. Shafin France Vélo Tourisme yana da kowace hanya kashi-kashi, da nisa da irin ƙasan hanya da fayil ɗin GPX, wato zanen hanyar, da za ka sauke a waya don ya yi aiki babu intanet. Idan za ka tsara taka hanyar, ka bi tituna masu harafin C da ƙananan D. Masu harafin N na manyan motoci ne, masu A kuma an hana keke. A taswirar Michelin farare da rawayen layuka su ne naka, jajaye ka kauce musu.

Biza fa, ga mai fasfon Najeriya ko Nijar?

Bizar Schengen ta gajeren zama, kwana 90 cikin 180. Kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, ana fara cikewa a shafin France-Visas, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Inda masu keke suke samun cikas shi ne shaidar masauki, tunda kowace rana a wani gari suke kwana. Ka rubuta jadawalin tafiya rana-rana, da sunan gari da nisa, ka haɗa da takardar kama ɗaki ta kowane dare. Ka kuma karanta inshorar ka ga ko ta ƙunshi hatsarin keke.

Sata, ko wani abu na gaggawa?

Sata matsalar birane da tashoshi ce. Kwaɗo mai siffar U, a haɗa jikin keken da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ba ƙafar gaba kaɗai ba. Fasfo, kuɗi da waya su zauna a ƙaramar jakar gaba wadda kake cirewa ka shiga da ita ko'ina. Manyan fadojin Loire suna da wurin ajiye keke, wasu da akwatunan kulle jaka.

Lambar gaggawa 112 ce daga kowace waya, 15 ta motar asibiti, 17 ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana. Kantin magani koren gicciye ne a ƙofarsa, kuma idan an rufe ana liƙa sunan wanda ke aikin dare. Wanda ya kwana a ciyawa ya duba jikinsa da yamma saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme. Ana cire ta da ɗan abin da ake sayarwa a kantin magani mai suna *tire-tique*, ba da farce ba, kuma idan jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki sai a ga likita.